SHIMFIƊU UKU DA AKE GINA JIKIN JARIRI DA SU: ME YA SA WATAN FARKO NA CIKI KE DA MUHIMMANCI?

A wannan fitowa za mu yi bayani ne a kan yadda jikin jariri ke haɗuwa a cikin mahaifa, da kuma dalilin da ya sa likitoci da nas-nas ke yawan roƙon mata su riƙa zuwa awo da wuri. Bayanin ya shafi mata masu ciki da masu neman haihuwa, amma muna roƙon magidanta da iyaye su ma su karanta, domin da yawa daga cikin abin da za mu ambata ba ya yiwuwa sai da hannunsu.

Mata da yawa a nan Katsina da garuruwan da ke kewaye ba sa zuwa awo sai ciki ya kai wata huɗu ko biyar, wato sai ɗa ya fara motsi. Wata kunya ce ke hana ta, musamman in cikin fari ne. Wata tana gudun bakin mutane. Wata kuwa tana ganin tun da ba ta jin ciwon komai, babu abin da zai kai ta asibiti. To, abin da ya kamata ki sani shi ne, kafin ciki ya cika wata uku an riga an tsara duk manyan gaɓoɓin jariri, tun daga ƙwaƙwalwa da zuciya har zuwa yatsu. Sauran watannin na girma ne da ƙwari. Saboda haka duk abin da zai gyara ginin ko ya ɓata shi, ya fi tasiri a makonnin farko.

YADDA AKE LISSAFIN KWANAKI

A asibiti ana ƙidaya makonnin ciki daga ranar da kika fara ganin al'adarki ta ƙarshe. Amma shigar ciki na ainihi, wato haɗuwar ƙwan mace da maniyyin namiji, yana faruwa ne kimanin mako biyu bayan wannan rana. A wannan bayani za mu riƙa ƙidaya daga ranar haɗuwar. Ki riƙe wannan a ranki: ranar da kika lura al'ada ba ta zo ba, ɗan tayin ya riga ya yi kusan kwana 14.

DAGA ƘWAYA ƊAYA ZUWA SHIMFIƊU UKU

Kowane mutum ya faro ne daga ƙwayar halitta guda ɗaya tak, wadda da ƙyar ido ke iya ganinta. Ƙwayar na rabuwa gida biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, tana tafiya a hankali ta cikin bututun mahaifa. Bayan ta isa mahaifa, a wajen kwana na 6 ko na 7 sai ta maƙale a jikinta. Wani ɓangare nata zai zama mabiyiya, wani kuma shi ne zai zama jaririn.

A mako na uku, ɓangaren da zai zama jariri a baje yake kamar ɗan faifai, kuma girmansa bai wuce ƙwayar gero ba. A wannan mako ne ƙwayoyin halittar ke jera kansu hawa uku, ɗaya a kan ɗaya, kamar an shimfiɗa tabarmi uku. Waɗannan su ne shimfiɗu uku na ɗan tayi: ta waje, wadda likitoci ke kira ektodam, ta tsakiya, wato mesodam, da ta ciki, wato endodam. A mako na huɗu sai faifan nan ya naɗe, shimfiɗar waje ta lulluɓe jiki, ta ciki ta koma bututu a tsakiya, ta tsakiya kuma ta cike abin da ke tsakaninsu. Duk wata gaɓa da ke jikinki a yau, daga ɗaya ko fiye cikin waɗannan uku ta fito.

Wannan ilimi ya daɗe. A shekarar 1817 wani masani mai suna Christian Pander ya gano shimfiɗun a garin Würzburg na ƙasar Jamus, ta hanyar duba ƙwan kaza da ake kwanci. Karl Ernst von Baer ya faɗaɗa binciken a shekarar 1828, sannan Robert Remak, wani likita a birnin Balin, ya tantance su a shekarun 1850 kusan yadda ake koyar da su a yau.

SHIMFIƊAR WAJE

Daga wannan ake samun saman fata, da gashi, da farce, da ƙofofin zufa, da abin da ke samar da ruwan nono, da farin ɓawon haƙori, da madubin da ke cikin ido.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne, ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin ji su ma daga nan suka fito. A ƙarshen mako na uku, tsakiyar bayan ɗan tayi na lotsawa ta yi kamar kwalbati. Sai gefuna biyu su taso su haɗe, kamar yadda tela ke haɗa bakin yadi biyu, ɗinkin ya faro daga tsakiya ya nufi sama da ƙasa. Abin da aka samu shi ne bututun laka. Samansa ke zama ƙwaƙwalwa, sauran kuma ya zama lakar da ke cikin ƙashin baya. Ɗinkin nan na kammaluwa a wajen kwana na 28, wato kimanin mako biyu kacal bayan ɓatan wata. A lokacin tsawon ɗan tayin bai wuce ƙwayar shinkafa ba.

Akwai kuma wasu ƙwayoyin halitta da ke ɓallewa daga bakin ɗinkin su bazu cikin jiki. Su ne ke samar da launin fata, da yawancin ƙasusuwan fuska, da jijiyoyin da ke sa hanji motsi.

SHIMFIƊAR TSAKIYA

Wannan ita ce ta ƙarfi da motsi. Daga gare ta ake samun ƙashi, da guringuntsi, da tsoka, da kitse, da ƙasan fata. Ita ce kuma ke samar da zuciya, da hanyoyin jini, da jinin kansa, da saifa, da ƙoda, da mahaifa.

Zuciya ce gaɓar farko da ke fara aiki. Tana fara bugawa a wajen kwana na 22, tana ɗan bututu miƙaƙƙe. Daga nan sai ta lanƙwashe, a yi mata bangaye, kafin ƙarshen mako na takwas ta zama mai ɗakuna huɗu.

SHIMFIƊAR CIKI

Kin san yadda ake yi wa babbar riga shafi daga ciki? To, haka wannan shimfiɗa take. Ita ce shafin da ke lulluɓe cikin maƙoshi, da tumbi, da hanji, da hanyoyin iska, da huhu, da mafitsara. Daga bututun hanjin ɗan tayi ne kuma wasu gaɓoɓi ke tsirowa kamar reshe: hanta, da matsarmama, da gaɓar da ke samar da insulin mai daidaita sukarin jini, da kuma gaɓar nan ta gaban wuya wadda in ta kumbura ake cewa maƙoƙo.

Yawancin gaɓoɓi haɗin gwiwa ne. Ɗauki hanji misali: shafinsa daga shimfiɗar ciki ya fito, tsokarsa da hanyoyin jininsa daga ta tsakiya, jijiyoyinsa kuma daga ta waje. In ɗaya cikin ukun bai iso wurin aikinsa a kan lokaci ba, hanjin ba zai yi aiki daidai ba.

A ƙarshen mako na takwas ɗan tayi ya kai tsawon santimita 3, kamar ɗan dabino, kuma yana da fuska, da hannuwa, da ƙafafu, da yatsu.

IDAN AKA SAMI TANGARƊA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai kusan 240,000 ke rasuwa duk shekara cikin kwana 28 na farkon rayuwarsu saboda nakasar da aka haife su da ita. Ga wasu daga cikin waɗanda ake gani a asibitocinmu, da yadda suke faruwa:

1. Buɗaɗɗen baya. In ƙasan bututun laka bai rufe ba, sai a haifi jariri da ƙullutu ko gyambo a gadon baya, galibi wajen ƙugu. Likitoci na kiransa sifaina bifida. Yakan zo da raunin ƙafafu, da rashin riƙe fitsari ko bayan gida, kuma sau da yawa ruwa na taruwa a ka har kan ya yi ta girma.

2. Rashin rufewar kai. In saman bututun ne bai rufe ba, ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai ba sa cika. Irin wannan jariri ba ya rayuwa.

3. Tsagewar leɓe ko ganɗa. Fuska na haɗuwa ne daga ɓangarori da ke tahowa daga gefuna su gamu a tsakiya, a wata na biyu zuwa farkon na uku. Inda ba su gamu ba, nan tsagar take.

4. Ciwon zuciya na haihuwa, kamar ɓuli a bangon zuciya. Kusan jariri ɗaya cikin 100 ke zuwa da wani nau'insa, wasu ƙanana ne da ke rufewa da kansu, wasu kuma sai an yi aiki.

5. Toshewar maƙoshi. Hanyar abinci da hanyar iska daga bututu ɗaya suka rabu. In rabuwar ba ta yi daidai ba, jariri zai riƙa fitar da kumfar yawu, yana ƙwarewa da zarar an ba shi nono.

6. Rashin dubura. A nan ne shimfiɗar ciki ke haɗuwa da ta waje, kuma dole ƙofa ta buɗe a tsakaninsu. In ba ta buɗe ba, jariri ba zai yi kashin farko ba, cikinsa ya kumbura.

Akwai wani abu kuma da ke tsorata mutane. Wani lokaci a yi wa mace aiki a ciro ƙari daga ma'ajiyar ƙwai, a tarar da gashi, ko haƙori, ko ɗan ƙashi a cikinsa. Nan da nan sai dangi su ce jifa ne ko sammu. Bayanin kuwa shi ne, ƙwayar ƙwan mace na da ikon samar da dukkan shimfiɗun nan uku. In ta fara girma ita kaɗai ba bisa tsari ba, sai ta samar da fata da gashi da haƙori a dunƙule. Yawancin irin wannan ƙari ba sankara ba ne, kuma in an cire shi an rabu da shi.

Haka nan jaririn da aka haifa da ƙullutu a baya ko babban kai ba ɗan ruwa ba ne, ba kuma musayar aljanu ba ce. Ɗa ne kamar kowane ɗa, yana da haƙƙin nono da suna da magani. Kuma kada a ɗora wa uwa laifi, domin irin wannan na iya faruwa ko da ta kiyaye komai.

ABUBUWAN DA KE IYA ƁATA GININ

Magunguna. Daga shekarar 1957 zuwa 1961 an sayar da wani magani mai suna talidomaid a ƙasashe da dama, ana ba masu ciki don tashin zuciya. Aka haifi yara fiye da 10,000 da nakasa, da yawansu da guntayen hannuwa ko ƙafafu, saboda iyayensu sun sha shi a makonnin da gaɓoɓin ke tsirowa. Daga nan duniya ta koyi cewa maganin da bai cutar da uwa ba na iya cutar da ɗan tayi. Har yau akwai irin waɗannan magunguna, misali balfurowet da ake ba masu farfaɗiya. Saboda haka kada ki sayi magani a kemis ko wajen masu talla in kina zaton kina da ciki. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe su ma a ajiye su, tun da babu awo a kansu. Amma in likita ne ya ɗora ki a kan magani na dindindin, kada ki daina da kanki. Ki zo a duba, a canza in akwai bukata, tun kafin ki ɗauki ciki.

Ciwon suga. Sukarin da ya hau a makonnin farko na ƙara haɗarin nakasar zuciya da ta laka. A daidaita shi kafin ciki.

Cututtuka masu yaɗuwa. A shekarar 1941 wani likitan ido a Ostareliya, Norman Gregg, ya gano cewa cutar rubela, wadda ke kama da ƙyanda mara tsanani, na jawo yanar ido ga jariri in ta kama uwa a farkon ciki. Takan kuma jawo kurumta da ciwon zuciya. A shekarar 2025 Najeriya ta fara ba yara allurar rigakafin ƙyanda da rubela a haɗe. Ki kai 'ya'yanki, domin yarinyar yau ita ce uwar gobe. Tunjere ma na cutar da ɗan tayi, shi ya sa ake gwajinsa a wurin awo, kuma yana da magani.

Zazzaɓi mai zafi. Zafin jiki mai tsanani a watan farko na iya shafar rufewar bututun laka. Ki riƙa kwana cikin gidan sauro, in zazzaɓi ya kama ki kuma ki zo a gwada jini.

Taba, da giya, da kayan maye irin su kodin da tiramadol, duk a nisance su.

FOLIK ASID: ƘARAMAR ƘWAYA MAI BABBAN AIKI

Folik asid wani nau'in bitamin ne da jiki ke bukata wajen samar da sababbin ƙwayoyin halitta. A shekarar 1991 Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta fitar da sakamakon wani babban gwaji a kan matan da suka taɓa yin cikin da ke da nakasar bututun laka. Waɗanda suka sha folik asid tun kafin sabon ciki, haɗarin maimaituwar ya ragu da kashi 72 cikin 100. A shekarar 1992 wani gwaji a ƙasar Hangare ya nuna yana kare har matan da ba su taɓa samun matsalar ba. Wannan ya sa Amurka ta wajabta zuba shi cikin garin fulawa daga 1998, Afirka ta Kudu kuma ta yi haka da garin masara da na alkama a 2003, kuma a ƙasashen biyu adadin yaran da ake haifa da wannan nakasa ya ragu.

A nan wajenmu, yawancin tuwo da fura da kunu daga gero da dawa da masara ake yin su, waɗanda ake kaiwa injin niƙa na unguwa. Wannan gari babu abin da aka ƙara masa. Akwai wannan bitamin a cikin wake, da gyaɗa, da alayyahu, da kuɓewa, da ƙwai, da lemo, kuma yana da kyau a yawaita cin su. Sai dai doguwar dahuwa na kashe da yawa daga cikinsa, kuma abinci kaɗai ba ya cika isa. Shi ya sa ake bukatar ƙwayar.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, mace ta sha maikurogiram 400, wato miligiram 0.4, kullum, tun daga lokacin da take neman ciki har ciki ya kai mako 12. Bayan nan za a ci gaba da ba ta shi tare da ƙwayar ƙarin jini a wurin awo. Wadda ta taɓa haihuwar ɗa mai buɗaɗɗen baya akan ba ta miligiram 5. Haka nan mai ciwon suga, da mai farfaɗiya, da mai sikila, su ga likita ya faɗa masu adadin da ya dace da su.

Ki tuna da lissafin da muka yi a baya. Bututun laka na rufewa a kwana na 28. Matar da ta fara shan folik asid a wata na huɗu za ta amfana wajen ƙarin jini, amma ta makara wajen kare bayan jaririnta. Don haka amarya, da mai goyon da ke shirin yaye, da duk matar auren da za ta iya ɗaukar ciki, ya kamata ta fara tun yanzu.

ABIN DA ZA KI YI

1. Fara shan folik asid aƙalla wata ɗaya kafin ɗaukar ciki, in an samu wata uku ya fi.

2. Da zarar kin yi ɓatan wata, ki yi gwaji, ki zo awo kafin mako 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin haihuwa. Za ki iya farawa a ƙaramin asibitin unguwarku, ko Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa, ko Babban Asibitin Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya.

3. Faɗa wa nas ko likita duk maganin da kike sha, na asibiti da na gargajiya, da kuma ko an taɓa haihuwar mai nakasa a danginki ko na maigida.

4. Yi hoton ciki tsakanin mako 18 zuwa 22. A lokacin ana iya ganin baya da kai da zuciya, a shirya inda ya kamata ki haihu.

5. Ki haihu a asibiti, a duba jariri daga kai har ƙafa kafin ku tafi gida.

IN AN HAIFI JARIRI DA NAKASA

In akwai ƙullutu ko gyambo a baya, a kwantar da jariri a kan cikinsa ko a gefe, a rufe wurin da ƙyalle mai tsabta da aka jiƙa da tafasasshen ruwan da ya huce, a kawo shi asibiti a ranar. Kada a gasa, kada a tsaga, kada a shafa komai, kada kuma a jira sai bayan suna. An fi son a rufe bayan cikin kwana biyu zuwa uku na farko, kafin ƙwayoyin cuta su shiga su kai ga ƙwaƙwalwa. In aikin ya fi ƙarfin inda kuka je, za a tura ku gaba. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa da laka a manyan asibitocin koyarwa na arewa, kamar na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Aminu Kano, da na Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya.

Jaririn da bai yi kashi ba cikin awa 24 zuwa 48, ko mai kumfar yawu da ƙwarewa, ko wanda leɓensa da harshensa ke yin shuɗi, shi ma gaggawa ce. Tsagaggen leɓe kuwa ana ɗinke shi a wajen wata uku zuwa shida, ganɗa kuma a wajen shekara guda, amma a kawo yaron tun farko don a koya wa uwa yadda za ta shayar da shi.

KIRA GA MAGIDANTA DA IYAYE

Maigida, kuɗin folik asid na wata guda kaɗan ne ƙwarai in an gwada da kuɗin aikin baya ko na kai, ban da wahalar jinya. Ka saya wa iyalinka, ka tuna mata ta sha, ka ba ta izini da kuɗin mota ta zo awo tun ciki bai fito ba. Iyaye mata da surukai, ku ne amare ke jin nauyi. In kuka ce wa yarinya ta tafi awo a watan farko, za ta tafi. Ma'aikatan lafiya na riƙe sirri, kuma zuwa asibiti ba shelar ciki ba ce. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Mai tambaya na iya tuntuɓar nas a ɗakin awo ko likitan mata a ranar asibiti. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuriya, amin.